"Mama, ya aka yi ya tsaya a iska bai faɗi ba?" Yadda masu fim ke tsayar da lokaci cak

Wata ranar Asabar ina kicin ina tace gasara na ji ƙara daga ɗakin yara, irin ƙarar nan da ke sa uwa ta saki abin da ke hannunta ba ta ma san ta saki ba. Na tarar da yarona mai shekara tara a ƙasa yana riƙe da ƙeya, ƙanwarsa kuma tana tsaye a kan gado da wayata a hannu, ido ya raina fata. Da na tsananta bincike, ashe fim suke haɗawa. Shi ne jarumin da zai lanƙwasa baya ya kauce wa harsashi, ita ce mai ɗauka, harsashin kuwa murfin robar lemo ne. Allah ya taƙaita, ƙulu kawai ya fito masa. Amma da hawaye suka tsaya sai ya jefo mini tambayar da ta fi ƙulun damuna: "Mama, to shi mutumin ya aka yi ya tsaya a iska bai faɗi ba?"

Na ce masa ƙaryar fim ce. Ya ce ai ya san fim ne, yadda aka yi yake tambaya. Nan na yi tsit. Na fahimci in dai ban ba shi amsa mai gamsarwa ba, gobe ma zai sake gwadawa, wataƙila daga kan katanga. Shi ya sa na zauna na bi diddigin abin, kuma na ga ya dace in kawo miki shi, 'yar'uwa, don na san ba gidana kaɗai ake irin wannan wasa ba.

Abin da yarona ya gani guntun bidiyo ne daga The Matrix, fim ɗin Amurka da ya fito a 1999. A saman wani dogon bene aka harbi jarumin, Keanu Reeves, sai ya lanƙwasa baya kamar zai kwanta, lokaci ya ja ya kusa tsayawa, harsasai suna wucewa a hankali kana ganinsu, ita kuma kyamara tana zagaya shi kamar ba abin da ya dame ta. Masu sana'ar sun raɗa wa salon suna daga wannan wuri, wato lokacin harsashi. Ko ba ki taɓa kallon fim ɗin ba, kin ga 'ya'yansa da jikokinsa: a fina-finan Indiya na fassara inda jarumi ke dukan mutum goma su rataye a sama, a tallace-tallace, a wasannin da yara ke bugawa a waya, har da bidiyon biki.

Fim ba motsi ba ne, hotuna ne

Kafin ki gane dabarar sai kin san abu ɗaya: babu abin da ke motsi a cikin fim. Hotuna ne tsayayyu, irin na albam, ake nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. A sinima hoto 24 ake nunawa a kowane sakan, wayarki kuma yawanci 30 take ɗauka. Idonmu ne ba ya iya rarrabe su, sai ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ce motsi ne. Kin tuna yaran aji da ke zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na littafin rubutu, in sun kaɗa shafukan da babban yatsa sai ka ga yana tafiya? Iyakar asirin fim ke nan.

To yanzu ɗauki misali daga tsakar gida. Wata baiwar Allah tana bakacen tsaki a faifai. Mata ashirin sun kewaye ta, kowacce da wayarta, kafaɗa da kafaɗa. Daidai lokacin da ta watsa tsakin sama, sai aka ce "yanzu!", duka ashirin ɗin suka danna tare. Hoto ashirin aka samu, dukkansu na ƙiftawar ido guda, sai dai kowanne daga wuri daban. Wannan ta kama fuskarta, waccan gefen ɗankwalinta, ta can baya ta kama goyon da ke bayanta. Idan aka jera hotunan bi da bi, daga mace ta farko zuwa ta ƙarshe, aka kaɗa su kamar shafukan littafin nan, me za ki gani? Tsaki ya ƙame a iska, mai bakace ta sandare, idonki kuma yana zagaya ta.

Ke nan ba lokaci aka tsayar ba. A fim na yau da kullum kyamara ɗaya ce ke ɗaukar lokuta masu yawa. A nan kuwa kyamarori masu yawa ne ke ɗaukar lokaci ɗaya. Babu kyamarar da ta motsa ko da taku guda. Zagayen da kike gani, ke ce ake ɗauka daga idon wannan a miƙa ki ga idon na kusa da ita.

Doki ne ya fara jawo maganar

Abin mamaki, jera kyamarori ya girmi sinima kanta, kuma gardamar doki ce sila. Duk wadda ta taɓa tsayawa kallon jafi ranar hawan sallah ta san yadda ƙafafun doki ke ɓacewa a cikin ƙura in ya zabura. Shin akwai lokacin da ƙafafun nan huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya a sukuwa? Ido ba ya iya rabewa. Wannan tambaya ta daɗe tana cin Leland Stanford, attajirin jiragen ƙasa, tsohon gwamnan jihar Kalifoniya, mai barga cike da dawakan tsere. Sai ya ɗauki wani mai hoto haifaffen Ingila, Eadweard Muybridge, ya ce ya warware masa.

A 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, ya kafa farin bango a ɗaya gefen, ya ja siraran zare suka gitta hanyar. Doki na wucewa yana taɓa zare, kowane zare na tayar da kyamara ɗaya. Hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da doki ke iska baki ɗaya. Sai dai ba yadda masu zanen Turai suka daɗe suna zana shi ba, ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya. A'a, lokacin da ya tattaro ƙafafun duka ƙarƙashin cikinsa ne yake barin ƙasa. Shekara aru-aru ana hawan doki, sai da aka jera idanu goma sha biyu sannan aka gani.

Kyamarorin Muybridge ɗaya bayan ɗaya suke tashi. Sai bayan shekara ɗari da ɗoriya, a farkon shekarun 1980, wani ɗalibin zane a Ingila, Tim Macmillan, ya gwada buɗe su duka a lokaci guda. Ya ƙera wata doguwar kyamara mai ƙananan huji a jere, ya shimfiɗa zaren fim a bayansu, haske ya shiga ta kowane huji tare. Daga nan masu talla da masu bidiyon waƙa suka ɗauka a shekarun 1990, kafin The Matrix ya kai shi kowane gida.

Abin da ke bayan koren ƙyalle

A birnin Sidni na Ostareliya aka ɗauki fim ɗin, kuma John Gaeta ne ya jagoranci wannan ɓangare. Ba a saman bene aka ɗauki wurin nan ba. A cikin wani makeken ɗaki ne da aka lulluɓe da kore, bango da ƙasa. An kafa kyamarorin hoto kusan 120 a kan wani lanƙwasasshen layi da ya kewaye jarumin, yana hawa yana sauka, da kyamarorin fim guda biyu, ɗaya a farkon layin ɗaya a ƙarshe. Tun kafin a ɗaura ko ɗaya sai da aka tsara tafiyar duka a kwamfuta, don a san tsawo da kusurwar kowacce. In guda ɗaya ta karkace kaɗan, hoton zai riƙa tsalle a idon mai kallo.

Sun kuma ƙara wani gishiri. Maimakon kyamarorin su tashi tare, sai aka sa kwamfuta ta tashe su a jere, tsakanin wannan da waccan ɗan mitsitsin lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa jarumin bai sandare ƙam ba, yana motsi a hankali, rigarsa tana kaɗawa. In an tashe su tare, lokaci ya tsaya. In an tashe su a jere, lokaci ya yi rarrafe. Mai fim ne ke zaɓa.

Yi lissafin da kanki. Hoto 120, a nuna 24 kowane sakan, sakan biyar ke nan kacal. Don a tsawaita shi kuma ya yi sumul, sai da kwamfuta ta ƙirƙiri hotunan tsakiya, wato ta dubi hoto na goma da na sha ɗaya ta ƙago abin da ya kamata a gani a tsakaninsu. Sannan akwai aikin gyara. Ba a samun kyamarori biyu masu launi da haske iri ɗaya sak, ko da kamfani guda ya ƙera su, don haka sai an bi hotunan ana daidaitawa. Aka goge koren, aka goge idanun kyamarorin da ke leƙo juna, aka maye gurbinsu da benayen Sidni da aka gina a kwamfuta daga hotunan gaske. Harsasan da layin iskar da ke bin su kuwa, babu su sam a ɗakin. Zane ne. Wannan aiki na cikin abin da ya sa fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto a shekarar 2000.

Ga wurin da na ja kunnen yarona ya saurara da kyau. Mutumin nan bai riƙe kansa a iska ba. Igiyoyin waya ne ɗaure da jikinsa suka tallafe shi yana yin baya, daga baya aka goge su. Kafin a fara ɗauka, shi da abokan aikinsa sun yi kusan wata huɗu suna atisaye a hannun Yuen Woo-ping, gwanin tsara faɗa daga Hong Kong. Keanu Reeves ma ya shiga atisayen ne bai daɗe da yin tiyata a wuya ba. Babban mutum, ga igiya, ga ƙwararru kewaye da shi, duk don sakan kaɗan. Na ce wa nawa jarumin: kai wa ya riƙe ka? Ya kalli ƙanwarsa, ta kalli rufi.

Ba kowane tsayawa ba ne na kyamara ɗari

Yau hanyoyin sun yi yawa, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai ta kyamara mai tsananin sauri. In kin taɓa danna wurin ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a wayarki, kin riga kin yi. Wayar na ɗaukar hoto 120 ko 240 a sakan, sannan ta nuna miki 30 a sakan. In 240 ne, abin da ya faru a sakan ɗaya zai ci sakan takwas. Manyan kyamarorin fim kuwa dubbai suke ɗauka. A fim ɗin X-Men: Days of Future Past na 2014 akwai wani wuri da ya burge ni don a kicin aka yi shi. An yi harbi, tukwane da wuƙaƙe da miya sun tashi sama, komai ya ƙame, wani saurayi mai gudun tsiya yana zagaya bango yana kawar da harsasai da yatsa, har da ɗanɗana miyar da ke rataye a iska. An yi amfani da kyamara mai ɗaukar hoto fiye da 3,000 a sakan, yawancin tarkacen da ke shawagi kuma kwamfuta ce ta zana su. Irin wannan kyamara akwai ta da cin haske. Shi ya sa in kin gwada da wayarki cikin ɗaki da dare hoton ke yin duhu da dishi-dishi. Fita tsakar gida da rana ki ga bambanci.

Akwai ta filin ƙwallo, wadda maigida ya fi ki sani. Tun 2001 gidan talabijin na CBS ya gwada kyamarori sama da 30 a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Daga baya aka kewaye filayen Barcelona da Real Madrid da kyamarori 38, ta yadda za a tsayar da ɗan wasa yana shirin bugawa, a zagaya shi, a sake shi.

Sai kuma ta talaka, wadda ba ta buƙatar komai sai haƙuri. A ƙarshen 2016 aka yi yayin Mannequin Challenge, wanda ɗaliban wata sakandare a jihar Fulorida suka faro ya bazu duniya. Mutane ne kawai ke ƙamewa kamar gumaka, mai waya yana ratsawa tsakaninsu. Kada ki raina ta, manyan masu fim da talla ma suna yin haka. Su sa 'yan wasa su tsaya cak, su tokare wanda ya karkace da ƙarfe, su ɗaure gefen riga da siririyar waya kamar iska ta ɗaga ta, sannan su goge ƙarafan su ƙara ruwa ko fasassun gilasai da kwamfuta. In kina son kama su, dubi ido da ƙirji. Mai rai sai ya ƙifta, sai ya yi numfashi.

Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke karɓar hoto ɗaya tak su ƙago zagayen. Tunda ba su ga bayan mutum ba, hasashe suke yi, sai ki ga yatsu sun narke ko zanen atamfa ya sauya a tsakiyar juyawa. Ina faɗar wannan ne saboda bidiyoyin da ake turo mana a zaurukan WhatsApp, an ga mutum rataye a sama ko ruwa ya tsaya a iska, a rubuta a ƙasa wai abin al'ajabi, wani ma ya ce aikin aljanu. Kafin ki tura wa dangi, sake kallo sau biyu.

Dandamalin nan na wurin biki

Wanda ya fi kusa da mu shi ne ɗan zagayayyen dandamalin da ake kafawa a wurin dina ko kamu, amarya da ƙawaye su hau, wani dogon ƙarfe ɗauke da waya ko ƙaramar kyamara yana zagaya su. Kyamara ɗaya ce, tana gudu a da'ira tana ɗauka da sauri, manhaja kuma ta riƙa jan bidiyon tana sakinsa. Ba tsayar da lokaci ba ne na haƙiƙa, kwaikwayo ne, amma yana kyau, musamman in an sha anko.

Abu biyu nake so ki riƙe in kin je. Na farko, ƙarfen nan inji ke juya shi, kuma yana wucewa daidai tsawon kan ƙaramin yaro. Yara kuwa kin san su da son leƙe. Riƙe hannun naki, ke ma ki tattare mayafi ko lafaya kafin ki hau, kada ki sauko sai ya tsaya. Na biyu, bidiyon ba a wayarki aka ɗauka ba. Yana cikin na'urar mai haya, kuma da yawansu da irin waɗannan bidiyoyi suke tallan sana'arsu a Instagram da TikTok. In ke ce uwar biki, ki yi magana da shi tun wurin ciniki: wa zai karɓi bidiyon, za a goge bayan an tura, ko za a ɗora? In kuma baƙuwa ce ke, ba laifi ki tambaya kafin ki hau, ko kafin 'yarki budurwa ta hau. Na ga wadda ta tsinci kanta a shafin da ba ta san da shi ba, tana juyi da kwalliyar da ta yi don taron mata zalla, kuma abin bai yi mata daɗi a gida ba.

Mu dai a gidanmu mun sasanta. Na ce ba sauran lanƙwasa baya, amma na yarda mu haɗa namu fim ɗin ta hanyar talaka. Lahadi da hantsi muka fito tsakar gida. Muka rataye murfin lemon da baƙin zare daga igiyar shanya. Jarumin ya jingina bayansa a kan turmi da aka ɗora wa matashi, muka rufe turmin da zani mai kalar bango. Ƙanwarsa ta miƙa hannu kamar ita ta yi jifa, ta buɗe baki, ta ƙame. Ni kuma na riƙe waya da hannu biyu, na manna gwiwar hannu a jiki, na riƙa zagaya su a hankali ba takalmi don kada hoton ya girgiza. Sau shida muna yi. Na farko dariya ta ɓata, na uku atishawa, na biyar kuwa komai ya tafi daidai har sai da kazar maƙwabta ta ratso ta tsakiya tana tafiyarta, ita ba ta san an tsayar da lokaci ba. Na shida ya fito tsaf, amma na kazar suka ce in tura wa kakarsu.

In kun gwada a gidanku, ki ba mu labari a ƙasa, musamman abin da kuka tokare jarumin da shi.